Atisaye a Barandar Magajin Gari

Rufin ɗakin taron garinmu, San Hilario, ya daɗe yana yoyo, kuma a nan ƙungiyar mabusanmu take atisaye. Duk lokacin da muka kai kuka wurin magajin gari, Don Wenceslao, sai ya dafa ƙirji ya ce ai maganar tana ransa.

Ranar da ruwa ya cika bakin babban ƙahon Doña Casilda, mai tuyar masara a kasuwa kuma shugabarmu, ta busa ya feso wa mai ganga a fuska, sai ta ce ya isa. Barandar ofishin magajin gari ta jama'a ce, kuma ba ta yoyo. Can muka koma, daidai ƙarƙashin tagar da yake ɗan runtsawa bayan abincin rana.

Gaskiya ba mu iya ba. Waƙa ɗaya muka sani, ita ma kowa da inda yake ƙarewa. Ni da nake busa ƙaramin ƙaho, karena ma barin tsakar gida yake yi.

Don Wenceslao ya turo ɗan sanda Ubaldo ya kore mu. Ubaldo ya zo yana muzurai, sai ya tarar da mahaifiyarsa cikin masu kaɗa faranti.

"Ubaldo, ka ci abinci kuwa?" in ji ta.

"Na ci, Mama."

"To riƙe mini lemar nan."

Haka ya tsaya riƙe da lema har muka tashi.

Kafin mako ya zagayo, masu kukan kwata da masu kukan fitilun titi sun shigo cikinmu suna kaɗa tukwane da murafai. Casilda ta riƙa jera koke-kokensu cikin waƙar, mutanen da ba su taɓa taka ofishin ba suna amshi.

Aka gyara rufin cikin gaggawa, aka haɗa da kwatar. Ranar buɗewa Don Wenceslao ya yi jawabi, ya ce shi tun yana yaro masoyin kiɗa ne. Casilda ta ji daɗi ƙwarai, ta ce tunda haka ne za mu zo gidansa mu yi masa na bikin 'yarsa kyauta.

Ya share gumi. Sannan ya tambaye ta a hankali ko akwai wani abin da ya rage a gyara. Ta ce akwai gada.