Ranar da Aka Sauke Zuciya Daga Bango

Ranar Litinin hedimasta ya kira malamar zane ofis. Ya yi ta kame-kame kafin ya fito da maganar: an rage wa makarantu kasafi, darasin zane zai fita daga jadawali, ajinta kuma za a mai da shi ɗakin ajiyar karyayyun bencina. Sufeto za ta zo ranar Alhamis ta sa hannu.

"Ajin nawa?"

"Haƙuri za ki yi, Anti Burushi. Zane dai ado ne, ba ya hana kowa karatu."

Sunan da yara suka laƙaba mata ke nan, har manya suka ɗauka. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta juya ta fita daga ofis. Duk wanda ya san ta kuwa ya san fitar nan ba ta alheri ba ce.

Ranar Laraba da aka tashi, ta ɗauki tsani da filaya ta bi aji-aji. Taswirar duniya, ƙwarangwal, haruffa masu hoton kaza da jirgi, zuciya mai jijiyoyi ja da shuɗi, duk ɗalibanta ne suka zana, kowanne da sunan mai shi a kusurwa. Ta sauke kayanta tas ta kai ajinta.

Washegari sufeto ta iso da jakarta, aka fara kai ta ajin kimiyya. Anti Burushi ta laɓe a bakin taga. Malamin kimiyya, shekara tara yana darasin zuciya ba ya ko waiwaya. Ya miƙa sanda baya yana cewa, "Kamar yadda kuke gani a nan..."

Ajin ya fashe da dariya. Ƙusoshi huɗu yake nunawa.

Bawan Allah ya ɗauki alli ya dage ya zana abin da ya sawwaƙa. Sufeto ta gyara tabarau.

"Malam, dankali ne?"

"Zuciya ce, ranki ya daɗe."

Aji na gaba, malamar tarihi na neman teku a jikin siminti. Sufeto ta tambayi ina kayan koyarwa, hedimasta ya share gumi, sai Anti Burushi ta leƙo.

"Adon kawai na kwashe, ranki ya daɗe. An ce ba ya hana kowa karatu."

A ajin zane sufeto ta daɗe tsugune kan zuciyar nan. Ta karanta sunan da ke kusurwa, ta tambayi Anti Burushi wace ce.

"Yarinyar da ake kira daƙiƙiya ce. Sai da ta zana wannan sau shida, yanzu ko a barci aka tashe ta za ta lissafo miki sassanta."

Sufeto ta mai da biro jaka. "Zango ɗaya zan iya saya miki. Bayan nan ba a hannuna yake ba."

Zango ɗaya! Kaɗan ne, amma daɗi ya kama ta har ƙwalla ta zo mata.

Ana cikin haka malamin kimiyya ya raɓo bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Anti, don Allah a taimaka a maido min da zuciyar."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja masa benci tsakanin 'yan aji uku, ta miƙa masa fensir da farar takarda.

"Zauna, Malam. Da da'ira ake farawa."