Awa Biyu-Biyu

Ta ɗora bayan hannunta a ƙugunsa, sai gabanta ya faɗi. Wurin ya yi ɗumi, ya yi duhu kamar faɗin bakin kofi, fatar ta ɗan taurare. Ta san wannan alamar sarai: gyambon kwanciya ne yake sallama.

"Likita, me kika tsinta a bayan nan? Kin yi tsit kamar an aiko miki da mutuwa."

"Ba komai, Injiniya. Ƙiba ka yi kawai."

"Laifin mai girki ne," in ji shi, yana dariya. Amma idonsa na kan fuskarta.

Wata takwas ke nan da mijinta ya faɗo daga rufin wani bene yana ɗaura sola. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, ko allura aka soka masa. Likita kuwa sunan tsokana ne da ya laƙaba mata tun da ta yi kwas na wata uku, ta zama mai kula da tsofaffi a gidajensu. Abu na farko da aka koya musu shi ne wanda ba ya iya motsi a juya shi awa biyu-biyu, in ba haka ba ƙashinsa zai ci namansa. A da yayarsa ce ke zama da shi da rana, amma ta koma ɗakinta tun makon jiya.

Ta kwantar da shi ta gefen hagu, ta tokare bayansa da filo, ta ajiye masa ruwa da rediyo inda hannunsa zai kai. Har ta kai ƙofa ta dawo ta sumbaci goshinsa.

"Tafi mana, kada motar ta bar ki. Ina nan, ba inda za ni."

A gidan aikinta ɗakin tsohuwar da take kula da ita na ƙamshin man shafawa. Ƙarfe tara wayarta ta yi ƙara, ta zura hannuwa ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu, ta ɗaga tsohuwar ta mayar da ita dama. Sha ɗaya, hagu. Kowane ƙara sai ta ji shi a ƙirjinta kamar tsinin wuƙa, don can a ƙarshen gari akwai wani jiki da ta fi son sa da nata, yana kwance yadda ta bar shi tun bakwai.

'Yar tsohuwar ta leƙo da rana, makullin mota a hannu. Ta ɗage rigar uwarta ta duba bayan.

"Tubarkalla! Mama, fatarki ta fi tawa kyau. Baiwar Allah, hannunki na da albarka, kada ki bar mu."

"Na gode, Anti," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Da tsohuwar ta yi barci, ta fita baranda ta kira shugabar kamfanin da ya turo ta.

"Madam, alfarma nake nema. Awa ɗaya da rana, in je in juya maigidana in dawo."

"Ki bar musu uwa ita kaɗai? Haba, ke ma kin san doka. Kuma zuwa da dawowa ma ya fi awa biyu." Madam ta sassauta murya. "Ki riƙe aikinki da kyau, 'yar uwa. Gidaje goma sha ke jiran mai kula, ba ni da wadda zan tura. Ko jiya na ji ana cewa nan da shekara goma babu aikin da zai kai namu ɗaukar mutane. Ko in nemo miki wata ta zauna da shi?"

"Madam, abin da zan ba ta ai shi ne abin da kuke ba ni."

Madam ta soma dariya, sai ta katse. "Allah ya ba shi lafiya," ta ce.

Ƙarfe shida ta tura ƙofar ɗakinsu. Igiyar shanya ta gani, an ɗaure ta a ƙarfen taga, ɗaya bakin na naɗe a hannunsa. Yana kwance ta dama, ya jiƙe da gumi, fuskarsa na haske irin wanda ba ta gani ba tun kafin faɗuwar.

"Likita, kin yi kishiya a aiki! Maƙwabci na kira ya ɗaura min. Sau biyar na juya kaina, da agogo. Kin zaci ban karanta fuskarki da safe ba?"

Ya buɗe mata tafukansa, duk sun yi bororo, kamar mai nuna lambar yabo.

Ta zagaya bayansa ta ɗaga shi a hankali. Zanin gadon ya manne. Wanda ba ya motsi ɗaga shi ake yi, ba a jan sa, don zani yana kankare fatar da ta riga ta gaji. Shi kuwa sau biyar ya ja kansa da duk ƙarfin damatsansa. Tabon safe ya buɗe, ya kai faɗin tafin hannunta, jajir, yana tsattsafo da ruwa.

"Ya wurin? Ya yi sauƙi, ko?"

"Ka yi ƙoƙari, Injiniya."

"Ato! Gobe ki tafi hankalinki kwance."

Ta haɗa ruwan gishiri, ta durƙusa inda ba ya ganin ta, tana wankewa da auduga. Hawayenta na ɗiga a cinyarsa, shi kuwa yana ta ba ta labarin yadda zai ƙara wani ƙulli don igiyar ta fi riƙo. Da ta rufe ciwon ta miƙe ta nufi taga, ta fara kwance ƙullin.

"A'a, bar min kayan aikina mana!"

"Shanya zan yi da ita gobe."

"Gobe ai kina wajen Mama."

"Gobe ina gida," ta ce, tana naɗe igiyar a gwiwar hannu. "Jibi ma."

Ya daɗe yana kallon tafukansa, sannan a hankali ya tura su ƙarƙashin bargo.