Jinin Mai Lafiya

A ɗakin gwajin da Maman Tsigi take aiki, in ana neman jinin mai lafiya ba a zuwa nesa. Wanda ke kusa shi zai naɗe hannun riga. Aikinsu duba fararen ƙwayoyin jini ne, masu tare cuta a jiki, su ga yadda suke tashi in ƙwayar cutar bairos ta shiga mutum. Sai dai ba a gane tashin na mara lafiya sai an ajiye na mai lafiya a gefensa, an zuba musu ruwan reno iri ɗaya, wato ruwan da ke raya ƙwayoyin a kwalba. Na mai lafiyar shi ne ma'auni. In ya kwanta lamo, aiki ya yi tsabta. In shi ma ya tashi, to wani abu ya gurɓata, duk abin da aka gani ba abin yarda ba ne.

Akwai fom da ake cikewa kafin allura. Tambaya ta huɗu tana cewa: kai ko wani a gidanka ya yi zazzaɓi cikin mako biyun nan? Mutanen ɗakin sun cike shi har hannunsu ya san inda "a'a" take ba sai ido ya duba ba.

Ran Litinin da hantsi, Auta, ɗalibar da ke neman digirinta na biyu, ta leƙo daga ɗakin renon ƙwayoyi, safar hannu a hannunta. Ta riga ta fito da ƙwayoyin marasa lafiya goma sha takwas daga ƙanƙara, ta narkar da su. Wanda ya yi alkawarin ba ta jini kuma bai zo ba.

"Don Allah wa zai taimaka mini? Cokali biyu kawai."

Baba Mai Firji, dattijon da ke kula da ma'ajiyar sanyi, bai ko ɗago kai ba. "Ni kin sha ni makon jiya. Sauro ma yana ba mutum hutu."

"Anti," Auta ta juyo wajen Maman Tsigi, "in suka wuce awa biyu a waje mutuwa za su yi."

Maman Tsigi ta san haka, ita ta koya mata ma. Abin da Auta ba ta sani ba, Tsigi, ɗanta mai shekara biyu, ya yi kwana shida yana zazzaɓi da tari. Kullum da safe tana kai shi gidan yayarta kafin ta zo aiki. Dokar ɗakin kuwa, wanda ke da mai zazzaɓi a gida sai ya zauna mako guda. Ita kuma hutunta na bana ya ƙare tun lokacin fitar haƙoran yaron, ga shi wata mai zuwa za a duba ko za a sabunta mata aiki. Farfesa, shugabar ɗakin, ta taɓa ce mata cikin raha, "Maman Tsigi, kujerarki ta fara manta ki." An yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mata.

Ta haɗiye yawu, ta ji ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro, ta ce a ranta ai ni lafiyata ƙalau. Ta ja fom, ta sa "a'a" daga sama har ƙasa, ta miƙa hannu.

Ita da kanta ta sa kwalbar a na'urar da ke wulwula jini. Da ta fito, ja ya kwanta a ƙasa, ruwan ɗorawa ya hau sama, tsakaninsu ga farin zobe siriri kamar hayaƙi. Ta tsotse zoben a hankali ta ba Auta.

Ran Alhamis aka ƙirga. Na'urar ƙirga tana nuna kowace ƙwaya a matsayin ɗigo a allon kwamfuta. Waɗanda suka tashi faɗa suna taruwa a kusurwar sama ta dama. Na marasa lafiya suka cika kusurwar, Auta har da tafi. Sai aka sa na mai lafiya. Ɗigo ya dinga zuba a kusurwar nan kamar an watsa yashi.

Farfesa ta zare tabarau. "Wannan na wane ne?"

"Na Anti ne," in ji Auta.

"Lafiyarki ƙalau?"

"Ƙalau, Farfesa."

"To ruwan reno ne. Wa ya haɗa shi?"

Auta ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya.

Farfesa ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ce a soke sakamakon gaba ɗaya, a zubar da ruwan renon. Kowane mara lafiya kwalba ɗaya tak ta rage masa a ƙanƙara, kuma ba za ta sake damƙa su ga hannun da bai iya tsabta ba. Gobe da safe Auta ta miƙa littafin aikinta, a nema mata wani abin yi. Wata bakwai ke nan yarinyar tana bin mutanen nan a asibiti ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon su yarda a ɗebi jininsu.

Auta ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta koma ɗakin reno tana ɗaga kwalaben ruwan a fitila, tana neman dattin da babu shi.

Da la'asar Maman Tsigi ta je ɗauko ɗanta. Ta tarar da shi a tsakar ɗaki yana buga murfin tukunya da cokali, majina har leɓe, jiki ya yi sanyi. Ta goge masa hanci da bakin zanenta, ta ba yayarta labari.

"To sai me?" in ji Yaya. "Ke kika soke mata aiki? Farfesa ce. Rufe bakinki."

"Yaya, jinina ne ya yi haka. Yaron nan a ƙirjina yake kwana, a fuskata yake tari. Jikina yana can yana dambe da abin, ni ban ma sani ba."

"Dambe ya yi kyau, tunda kin ci. In suka sallame ki fa? Yarinyar nan ce za ta riƙe miki shi? Ita ba ta da ko kaza."

"Tana da aikin wata bakwai."

"Ke kina da ɗa." Yaya ta miƙo mata jakar kayansa. "Ki yi tunani da kanki, ba da tausayi ba."

Ta yi tunanin a mota, Tsigi na bisa cinyarta yana jan kunnen jakar. Ta lissafa abin da zai faru in ta yi shiru: za a ba wani kwalaben da suka rage, a samo wani jinin, aiki ya fito tas, kowa ya tabbatar hannun Auta ne mai datti. Babu ranar da za a gane. Abin da ya hana ta sakat ke nan.

Washegari ta riga Auta zuwa. Ta ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, ta ƙi zama.

"Farfesa, ruwan reno ba shi da laifi. Ɗana ya yi zazzaɓi da tari kwana shida kafin in ba da jini. Na sa 'a'a' a fom ina sane."

Farfesa ta ajiye biro. "Kina sane."

"Ina sane."

"Kuma kika shiga ɗakin reno duk makon."

"Da takunkumi biyu. Amma na shiga."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Hutuna ya ƙare. Na ji tsoron kujerar ta ƙarasa manta ni."

Farfesa ta dube ta. Ta ɗaga waya ta kira ma'ajiyar sanyi. "Baba, ruwan renon yarinyar nan, kun zubar?"

Muryar Baba ta fito har Maman Tsigi na ji. "Ni da zubar da abu ran da aka ce? Sai ya kwana uku tukuna, ko mai shi zai sake shawara."

"Ajiye shi. A samo mini mai lafiya na gaske yau, a gwada da ruwan nan. In ya kwanta, sakamakonta ya tabbata." Ta kife wayar. "Ke kuma zan rubuta miki takardar gargaɗi, za ta shiga fayil ɗinki, masu duba sabunta aiki za su gan ta. Ba zan ɓoye ba."

"Na sani."

"Ki tafi gida sai Laraba." Farfesa ta jawo hoton ɗigon nan daga kan tebur, ta kai shi kusa da ido, muryarta ta canza. "Kwana shida, kuma ba ki kwanta ba ko sau ɗaya. Kin ga yadda suka tashi kuwa? Irin wannan ba mu taɓa kama shi da wuri haka ba. Yaron fa? In kika kawo shi, ɗan kaɗan za mu ɗiba, mu ga ko—"

"A'a, Farfesa."

"Rabin cokali."

"Jiya ya fara cin abinci. Nawa dai ga shi, duk ran da kuke so, a rubuta shi da sunan mara lafiya. Nasa a bar masa."

Farfesa ta ɗan yi murmushi, ta ajiye takardar. "To na ji. Naki, bayan mako biyu."

A baranda ta haɗu da Auta, ido a kumbure, littafin aiki a rungume. Maman Tsigi ta tsayar da ita ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

"Anti, kwalba goma sha ɗaya na ɗaga a fitila jiya. Har na fara ganin dattin da idona."

"Ki yafe mini."

"Ba yau ba," in ji Auta. Ta gyara riƙon littafin. "Yau jini nake nema."

Ta juya ta nufi ma'ajiyar sanyi da sauri, tana kiran Baba ya faɗa mata wa ya rage a ginin nan da ba a sha ba.