Muryar da Auta Yake Ji

Tun da safe allura ta yi ta suɓuce mini. Ni da na tsufa a kan keken ɗinki, na ci da 'ya'ya da shi, a ce zare ya ƙi shiga kafar allura? Na ce tsufa ne, shi da ba ya sallama. Ƙeyata ma tana sarawa. Amma da ma ranar ganin likitan hawan jini ce, kuma Auta ya yi alkawarin zai biyo ya sauke ni a asibiti kafin ya wuce ofis. Na ce in na je na zazzage wa likita gaba ɗaya.

Auta shi ne ɗana na ƙarshe, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa ban canza masa suna ba. A kamfanin siminti da rodi yake aiki, shi ke tura manyan motoci inda za su kai kaya. Yaro ne mai kirki, wannan ba zan tauye masa ba. Ya buɗe mini ƙofa, ya ɗaura mini bel da hannunsa, ya tambayi yadda na kwana. Kafin in amsa ya tayar da mota, sai ita ta riga ni.

Ita ɗin wata muryar mace ce da ke zaune a cikin motar, ba jiki sai baki. Saƙonnin imel na ofis take karanta masa. In sun ƙare ta shiga labaran duniya, in wani saƙon ya shigo ta yanke labarin ta koma. Aku nake ce mata. Auta ya taɓa yi mini bayani, wai don kada ya riƙa duba waya yana tuƙi aka sa ta, ido na kan hanya, hannu na kan sitiyari. Na ce to hankalin fa, a aljihun wa aka bar shi? Ya yi dariya ya ce ba na rabo da tsokana.

A danjar farko aka ba mu hannu bai gani ba, yana sauraron wani da ke ƙorafin an kai masa rodi mai tsatsa, sai da na baya suka cika mana kunne da hon. A ta biyu aka tsayar da mu, ya wuce abinsa. Wani mai tura baro ya ja da baya da sauri yana zaginmu har da hannu. Idon Auta na kan hanya, gaskiya ne, a buɗe tar. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ɗaga mini ɗan yatsa ɗaya. Na san yatsan nan. Da shi yake tsayar da matarsa da 'ya'yansa in Aku tana magana. Ban taɓa zaton zai zo kaina ba.

Muna cikin tafiya jakata ta fara zamewa daga cinyata. Na ce wa hannun dama ya tare, ya yi kamar ba da shi nake ba. Jakar ta faɗi ƙasa, hannun yana kwance inda yake sai ka ce na maƙwabta. Na mintsine shi da na hagu, ban ji komai ba. Na ga irin wannan a jikin yayata, na kuma ji likita da kunnena yana cewa ciwo ne da ba ya jira, a yi gaggawa da mutum ko a rasa rabinsa.

"Auta, hannuna," na ce.

"Inna, bari in ji ƙarshen wannan kawai."

Wannan ɗin daga manajansu ne. Wata mota ta kai siminti wurin da ba nan aka aike ta ba, manajan yana tambayar laifin wa ne, kuma ya tura wa kowa da kowa a ofis don a ji. Aku ta karanto sunayen waɗanda aka tura wa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gajiya. Na ga jijiyar wuyan Auta ta tashi. Ya ce mata ta rubuta amsa. Ya faɗi jimla, ta maimaita masa, ya ce ta goge, ya sake wata mai ɗan ladabi, ita ma ya ce ta goge. Tausayinsa ma ya so kama ni, don na san aikin nan shi ne rufin asirinsa.

Ni kuwa ina hango kwanar asibiti tana matsowa. Na san ta kamar ƙofar ɗakina: kantin magani mai koren allo, masu sayar da fulas da bokitan roba ga 'yan jinya. Na ce a raina alhamdu lillahi, mun iso, ko bai ji ni ba ai nan za mu. Motar ba ta rage gudu ba. Na tattara ƙarfina zan ce ga kwanar, sai na ji harshena ya cika mini baki kamar tsumma. Abin da ya fito ba magana ba ce, wani gurnani ne da ni kaina ban gane ba.

"Haka ne, Inna," in ji Auta. Kantin maganin ya wuce ta gefena.

Daga nan hanya ɗaya ce, ta hau doguwar gada mai katangar kankare a tsakiya, ba inda ake juyawa sai an sauka can ƙarshe. Muna kai tsakiyarta muka afka cunkoso. Gaba mota, baya mota, hagu katanga. Sai da ya taka birki hankalinsa ya dawo gida. Ya dafa goshi ya ce kash, ai mun wuce, in yi haƙuri, yanzu za mu zagayo. Ya juyo ya kalle ni, na ce to yau dai ya gani. Ashe ɓarin da ke wajensa na hagu ne, lafiyayyen. Wanda ya zube yana can ta wajen taga. Ya ce na yi shiru, ko fushi nake? Bai jira ba, don Aku ta gama da manaja ta shiga labarai.

Ta ce farashin mai ya sauka a wani wuri, ya hau a wani. Ta ce an kori mai horar da wasu 'yan ƙwallo. Ta ce za a yi ruwa da yamma. Miyau yana bin haɓata yana ɗiga a mayafina, ban iya tsayar da shi ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ɗakin haihuwa. Ga ni daram a ciki, da hankalina, da masifata, da duk maganganuna, an kulle ni an tafi da makulli. Bel ya danne mini ƙirji, gilas a rufe, sanyin motar yana hura mini ƙafar da ba na ji. Ɗana yana kusa da ni, ina jin ƙamshin turarensa.

Wata mai tallan ruwa ta raɓo ta tagata. Ta ɗago gora za ta nuna mini, sai ta tsaya cak tana kallon fuskata. Ta ƙwanƙwasa gilas, ta sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi tana nuna ni. Auta ya kaɗa mata hannu ba tare da ya duba ba, wato ba ma saye. Motoci suka ɗan ja, muka bar ta a baya tana ɗaga murya.

Na miƙa hannun hagu na dafa gwiwarsa. Ya kama hannun ya ɗan bubbuga shi cikin lallashi, ya mayar mini kan cinyata. Wani sabon saƙo ya shigo daga manajan.

A nan haushi ya fi tsoro. Na ce yau ko ni ko ke, Aku. Na tuna yadda nake dawo da shi daga wasan ƙasa yana ƙarami. Na ɗaga hannun nan guda da ya rage mini, na cafke kunnensa, kunnen da ya ba ta aro, na murɗe da iya ƙarfina, na ja kansa har gaban fuskata, na juyo masa da ɓarin da ya mutu.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ƙafarsa ta saki birki, muka daki motar gaba, bai ma sani ba.

"Inna. Inna, yi magana. Inna."

Aku ta ce, da muryarta mai sanyi, "An rubuta: Inna, Inna, yi magana. In aika?"

Ya yi ta dukan maɓallai, ta ƙi yin shiru. Ya danna hon, ina hanya? Mai motar gaba ya fito da masifa, ya leƙo, masifar ta koma salati. Su biyu suka ciro ni. Auta ya goya ni a bayansa, aka taimaka masa ya haura katangar, ya tare wata tasi da ke komawa baya. Abin da na hango na ƙarshe motarsa ce a tsakiyar gada, ƙofofi a wangale, Aku tana ba kujeru labarin ruwan yamma.

Likita bai yi faɗa ba. Ya dai tambayi tun yaushe abin ya fara, Auta bai sani ba. Ni na sani, ba bakin faɗa.

Ashe da sauran kwanana a gaba. Ƙafar ta ɗan dawo, ina jan ta zuwa banɗaki da sanda. Hannun bai dawo ba, keken ɗinkina an lulluɓe shi da zani. Harshen ma bai dawo ba. Auta ya ɗauke ni zuwa gidansa, ya ba ni ɗakin da ke kusa da nasa. An ce ya sa an cire Aku daga motar. Kullum in ya taso daga aiki yana zama a gefen gadona ya zuba wa bakina ido, ni kuma in yi ta kokawa da kalma ɗaya har gumi ya karyo mini, ya yi ta canka yana kuskure. Daga baya sai ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Wannan sunkuyon ya fi ciwon ci mini rai.

Ran nan ya shigo da murna da wata faffaɗar waya kamar faranti, cike da hotuna: kofi, gado, banɗaki, magani, hannu biyu na godiya. Ya ce in na taɓa hoto za ta faɗi abin da nake so. Na duba kaf, ba hoton faɗa, ba na tsokana, ba wanda zai ce ɗago kanka, ya wuce. Jikokina sun cika ɗakin da hayaniya suna rige-rigen gani. Na sa yatsan hagu na taɓa kofi.

"Ina son ruwa," in ji ta.

Ita ce. Muryar nan ce sak, mai sanyin nan, ko a kabari na ji ta zan gane. Auta ya ɗago kai da sauri, ya ɗaga wa yaran ɗan yatsa ɗaya.

"Ku yi shiru, Kaka na magana."

Ya tashi da gudu ya kawo ruwan, ya tallafo kaina. Ba ƙishirwa nake ji ba, amma na sha. Da ya koma ya zauna, kansa ya fara yin ƙasa, na sake taɓa kofin.