Igiyar Gaba, Igiyar Baya

Shekara bakwai Shiromi tana koya wa baƙi hawan lema a tafkin Kalpitiya, wato mutum ya tsaya kan allo a ruwa, wata ƙatuwar lema mai igiyoyi tana sama tana jan sa, amma ba ta taɓa zare zobe daga ƙugiya ba. Ɗamara a ƙugu, zoben sandar lema maƙale a ƙugiyar ɗamarar, iska na jan ta ta ƙugu, hannuwa aikinsu juya sanda kawai. Sai a watan Yunin bara wata ɗalibarta, likita daga birnin Kandy, ta tambaye ta yadda ake zare zoben a riƙe ƙarfin lema da hannu zalla, kamar yadda masu alkafura ke yi. Shiromi ta ce mata sai gobe. Matar ta koma garinsu ba ta ga goben ba, abin kuwa ya tsaya wa Shiromi a rai.

Ni maƙwabciyarta ce, ni nake ɗinke lemomin da suka yage, shi ya sa komai a gabana aka yi shi.

Ranar farko ta hau allonta, ta yi nisa kaɗan, ta ciccije ta zare zoben. Lemar ta tsaya cak a sama kamar ta tuna wani abu, ta fara ja da baya, ta faɗo ta kwanta a ruwa. Sau huɗu ana haka. Da ta fito, mutum biyu na jiran ta a gaɓa: yayanta Rohita, wanda ya koya mata hawa, da mijinta Kamilus, mai tuƙa kwalekwalen ceto.

Rohita ya ce, "Nangi, ƙanwata, igiyoyin bayanki ne suka yi gajarta. Da kin zare zobe, sanda ta matso ƙarshe, kin shaƙe lemar ke nan. Ki mayar da su ƙullin can na ƙarshe, su ƙara tsawo."

Kamilus ya ce, "Haba macan, surukina, ina ruwan na baya? Na gaba ne suka yi tsawo. Ta ja igiyar saiti mai rage na gaba yatsa uku, magana ta ƙare."

"Yanzu mai kwalekwale ne zai koya mini lema? Kai da aikinka tsintar waɗanda suka faɗi?"

"Ai ɗalibanka nake tsinta."

Shiromi ta dubi wannan, ta dubi wancan. "To in ƙara tsawo ne, ko in rage?"

"Ki ƙara," in ji yayan. "Ki rage," in ji mijin. Tare suka faɗa.

Ba ta son ɓata wa kowa, sai ta yi duka biyun. Washegari lemar ba ta ja da baya ba, amma ta zama kamar marar lafiya. Igiyoyin baya suka yi ciki kamar igiyar shanya. Ta juya sanda hagu, lema ta yi kunnen uwar shegu da ita. Ta juya dama, ko gezau. Ta nutse har wuya, iska na tura ta a hankali, sai da Kamilus ya je ya ɗauko ta.

Rana ta uku da safe ina kan keken ɗinkina a baranda, na ga Kamilus ya zo wurin lemar a shimfiɗe, ya mayar da igiyoyin baya ƙullinsu na da, yana gunaguni. Bai daɗe da tafiya ba Rohita ya zo, ya waiwaya, ya saki igiyar saiti gaba ɗaya. Ni na ɗauka shawara suka yi. Shiromi ta shiga ruwa, ta zare zobe, lema ta tsaya, ta ja da baya, ta faɗo, sak irin ta ranar farko.

Ta zo ta zauna gefen kekena, ruwa na ɗiga daga gashinta. "Akka, yayata, ki gaya mini ko na fara zarewa ne ni ma. Jiya na taɓa abu biyu, ta mutu. Yau ban taɓa komai ba, ta koma ciwon shekaranjiya. Surukata ta ce in kai kyandir coci, wai baki ne."

Sai a lokacin na gaya mata abin da na gani. Na ɗauko tef ɗina na awo, muka ɗaure kawunan igiyoyin huɗu, biyu na gaba biyu na baya, a gindin kwakwa, ta riƙe sanda ta ja, aka kira mazan biyu. Muka ja igiyar saiti yatsa uku, na auna: na baya sun fi na gaba da yatsa uku. Muka saki, muka sauya ƙulli yadda Rohita ya ce, na sake aunawa: yatsa uku.

Na ce, "Kamar bakin siket ne. Ko ka ɗage gaba, ko ka sauke baya, ratar ɗaya ce. Kwana uku kuna faɗa a kan magana ɗaya."

Rohita ya ce, "Ta yaya ƙari zai zama ragi? Tef ɗinki ya miƙe."

Kamilus ya ce, "Ka ji ko? Ta ce ni ne da gaskiya."

Shiromi ta dafe kai. "Idona ya gani, amma kaina ya ƙi ɗauka. Ku tafi can gindin inuwa, ku biyun, kada wanda ya waiwayo."

Ta juya musu baya, ta gyara abu ɗaya, ta shiga ruwa. Wannan karon lemar ta tsaya daram, sai dai tana zare zobe iska ta fizge sandar daga hannunta, ba don igiyar tsaro ba da lemar ta yi gaba. Ta sake, aka sake fizgewa. A karo na uku gajiya ta sa ta daina taka gefen allo tana ja-in-ja da iska, ta bar allon ya bi lemar na ɗan lokaci. Igiyoyi suka yi sako-sako, zoben ya zame da kansa. Ta haɗa hannu biyu a tsakiyar sanda, ta sake taka gefe, sai ga ta ta tashi sama kamar kamu biyu, ta sauka a kan ƙafafunta.

Muka yi ihu. Amma ba ta juyo ba. Tana tafe, hannuwa a miƙe, tana kiran wani abu da iska ta hana mu ji. Rohita na daga gaɓa yana cewa ta ɗaga lema, Kamilus na cewa ta sauke. Haka ta tsallake tafkin gaba ɗaya, har ta je ta cake a taɓon wancan gefen, jakai biyu na kallon ta.

Mu uku muka bi ta a kwalekwale. Muka same ta zaune cikin taɓo.

"Wanne kika yi, nawa ko nasa?" in ji Kamilus tun bai kashe inji ba.

Ta ce, "Bar wannan. Yaya ake mayar da zoben cikin ƙugiya? Tun daga can nake tambayar ku!"

Kamilus ya dubi Rohita. Rohita ya dubi jakai.

"Yaya, kai da kake zarewa, ya kake mayarwa?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ai ban taɓa zarewa ba, Nangi. Gani dai nake ana yi."

"Ni kin san ko allo ban taɓa hawa ba," in ji mijin.

Da muka koma gida ko kofin shayi ta kasa riƙewa, ni na riƙa gutsura mata gurasar roti ina dangwalo yajin kwakwa ina sa mata a baki. Sai da ta ƙara kwana takwas tana tsallake tafki tana dawowa a kwalekwale, kafin ta gano cewa yadda ake zarewa haka ake mayarwa: a bi lemar har igiya ta saki.