Wa Za A Ba, Me Za A Bayar

Kalma uku na rubuta. Uku kacal, wallahi, ina tsaye a cikin bas da hannu ɗaya a kan ƙarfe.

Mijina Saifullahi yana da ɗan ofishin tura kaya a benen Tianxiu, cikin Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata 'yan ci-rani suka fi yawa a wannan ƙasa. A makon nan ya tafi Kano jana'izar yayansa, ya bar ni da ofis da 'yarmu Amira, mai shekara huɗu. Ranar Talata aka kira ni daga ma'ajiyar kaya ta wajen Baiyun, wai sai na zo da kaina na sa hannu. Wurin nan ba na yara ba ne, motocin ɗaukar kaya sai ka ce za su hau kan mutum. Sai na kai Amira shagon Madam Yen, 'yar Vietnam mai sayar da gashin kanti a ƙasan bene. Mace mai kirki, Amira ta saba da ita. Turancinta dai gutsi-gutsi ne, nawa ma ba na zuwa gasa ba ne, amma shekara biyu muna fahimtar juna.

Ina cikin bas Madam Yen ta turo min murya: kukan Amira ne kawai, kamar ana yanka ta. Na san abin da take so. Tana da wata 'yar tsana mai sanƙo da tumbi, ta raɗa mata suna Uncle saboda wai ta yi kama da ƙanen babanta. Tana cikin jakar da na ajiye ƙarƙashin kantar shagon. Sai na rubuta: "Give Amira Uncle." Ki ba Amira Uncle. Me ya fi wannan sauƙi?

Ƙarfe biyu na dawo. Madam Yen na taje gashi, tana murmushi.

Na ce, "Ina Amira?"

Ta ce, "Give already."

Na ce eh, na sani kin ba ta, ina yarinyar? Ta sake cewa ta bayar. Ta bayar! Ba ta ce me ba, ba ta ce wa ba, haka suke maganarsu, su yanke ta a tsakiya su bar maka sauran. Na leƙa ƙarƙashin kantar. Ga jaka, ga tsanar a ciki, ko zip ɗin ba a buɗe ba.

Innalillahi. 

Ta ga fuskata, ta jawo wayarta. Ashe saƙona ta zuba a na'urar fassara. Ta nuna min da yatsa, kalma bayan kalma: a harshensu abin da za a bayar shi ke fara zuwa, mai karɓa ya biyo baya. Amira a gaba, Uncle a baya. Wato ki ba da Amira ga Uncle. Mu kuwa, da Hausa da Turancin da na iya, mai karɓa ne a gaba. Wani baƙin mutum ya zo wucewa, Amira ta ɗaga masa hannu ta ce Uncle, ita kuwa ta miƙa masa 'yata.

"Wane Uncle?" Na kama kafaɗunta ina girgizawa. "Wanne? Duk namijin da ke unguwar nan Uncle take ce masa!"

Dogo, in ji ta. Da hula. Kai jama'a, dogo da hula a Xiaobei!

Na bi benen nan hawa-hawa, babu takalmi ɗaya, ban san inda ya faɗi ba. Shagon 'yan Kano, shagon 'yan Gana, masu waya, masu atamfa. Na nuna hoton Amira ga mai gadi, ya girgiza kai ya ce mayo, babu. Mai shayi ya ce mayo. Na tsani kalmar nan har ga Allah. Hajiya Habsatou, wata 'yar Yamai mai gidan abinci, ta riƙe ni ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri kaɗan, mu bincika a tsakaninmu tukuna. In kika kira hukuma, akwai marasa takarda da za ki ƙona."

Na ce, "Su ƙone! 'Yata nake nema!"

Na kira 'yan sanda. Ban yi nadamar kiran ba a lokacin, kuma duk uwar da ta ce ba za ta kira ba ƙarya take.

Cikin minti arba'in suka bi hotunan kyamara. Ga shi nan a allo: ya tsaya ƙofar shagon riƙe da hannunta, yana waige-waige, kusan awa guda yana jirana. Sai motar sintiri ta ɓullo, ya ɗauke ta ya shige lungu. Na gane shi. Malam Tankari ne, mutumin Maraɗi, wanda yakan kawo wa mijina kwalaye jefi-jefi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Muka hau tsohon gidan da kyamara ta nuna ya shiga, hawa na shida, babu lifta. Suka buga ƙofa. Shiru. Sai na ji muryarta daga ciki: "Mama ce!"

Shi ya buɗe da kansa. Amira na zaune kan darduma, da shinkafa a kumatu, an ɗaure mata tawul a wuya don kada ta ɓata riga. Na rungume ta har ta ce ina matse ta.

"Hajiya, ki gafarce ni," in ji shi. "Matar ta ce ke kika ce. Ba ni da lambarki, na kira Alhaji mijinki wayarsa a kashe. Ban iya tsayuwa a titi ba."

Ban gane me ya hana shi tsayuwa a titi ba sai da ɗan sandan ya miƙa hannu ya nemi fasfo. Malam Tankari ya ɗauko shi daga ƙarƙashin katifa, a hankali. Bizarsa ta ƙare wata bakwai da suka wuce.

Na shiga tsakaninsu. Na ce laifina ne, ni na rubuta, bai sace ta ba, ba shi ita aka yi. Turancin ya sarƙe min a baki: she give him her, her him, ni kaina na kasa jin wa aka ba wa. Ɗan sandan ya ce min cikin ladabi maganar yarinya ta wuce, wannan wata magana ce daban. Na durƙusa. Ni Radiyya da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena, na durƙusa ina roƙo da Hausa.

Suna sauka da shi ya waigo. "Hajiya, ki kira matata, Aicha. Ki ce mata ina lafiya." Ya fara jero lambar da Faransanci, ya tuna, ya sake da Hausa. Wayata ta mutu tun wajen kyamara, ba biro, ga Amira a kafaɗa. Na bi su hawa shida ina maimaitawa da ƙarfi.

Da motar ta tashi, lamba shida ce ta rage a bakina. Ta Nijar takwas ce.