Sunan Ɗan Filomena

Wayyo daɗi, an kafa itatuwan, ni ma da goyona na taka rawa! Tsaya ku ji.

Kun san Filomena ta sha wuyar naƙuda, sai da likitan jirgin yaƙin da ya tsaya a tsibirinmu ya zo cikin kwalekwale ya ciro mata yaron. Shi ya sa aka raɗa wa jaririn sunansa. To, jiragen saman Japan suka nutsar da jirgin a tashar ruwan Darwin, likita na ciki yana ɗinke wani soja, ya ƙi fitowa.

Mu kuwa ba ma kiran sunan mamaci sai an kafa masa sassaƙaƙƙun itatuwa a kabari an yi rawa. Shi ina kabari? Yana ƙarƙashin teku. Filomena ta kasa cin abinci. In ta buɗe baki za ta kira ɗanta, sai ta haɗiye, don sunan mamacin ne.

Ta sami tsoho Alfonso masassaƙi ta ce, "Kawu, haka zai girma ana ce masa 'kai yaro'?"

"Ke da kuka kamar tsuntsuwar teku! Ba gawa, ina zan kafa?"

"Inda likitan ya sauka daga kwalekwale. Ai ƙafarsa ta taka wurin."

Tsoho ya tashi tsaye. Ya ce, "Miƙo gatarin."

Jiya aka kafa itatuwan a kan yashi. Filomena ta ɗaga ɗanta, ta kira shi: "Angus!"

Don Allah ku gaya wa matan ƙetaren rafi, kowa ya kira shi!